Dukiya da Matsayi a Cikin Jiki Magayi

Jiki Magayi ɗan ƙaramin littafi ne da John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East, ya fito a Zariya a tsakiyar shekarun 1930. Yana cikin littattafai biyar da ake ɗauka su ne mafarin ƙagaggen labari a rubutun boko na Hausa. Sauran huɗun su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, waɗanda suka samo asali daga gasar rubutu da East ya shirya a 1933. A cikin biyar ɗin, Jiki Magayi ne ya fi zama a cikin gari, tsakanin irin mutanen da ake gaisawa da su kullum. Ruwan Bagaja yawon duniya ne da raha, Ganɗoki jarumtaka ce da ƙasar aljannu. Shi kuwa wannan, attajiri ya kama, da saurayi, da budurwa, da iyayenta, ya bi diddigin abin da ya same su bayan an bar kuɗi ya yanke hukuncin aure.

Labarin ba shi da tsawo. A garin Galma akwai wani attajiri, Malam Shehu, mai dukiya da mata, amma Allah bai ba shi haihuwa ba. Akwai kuma saurayi Abubakar da budurwa Zainab, waɗanda suka daɗe suna son juna. Malam Shehu ya sa rai cewa ta wajen Zainab zai sami magaji, ya shiga neman aurenta, dukiyarsa ta rinjayi gidan, aka ɗaura. Abubakar ya yi rantsuwar ɗaukar fansa, ya bar gari ya shiga duniya neman asiri, ya sha baƙar wuya kafin ya samo. Zainab ta haifi ɗa namiji, Abdullahi, ana kiransa Kyauta. A kan wannan yaro asirin ya sauka, ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin ubansa, ya bi duniya tare da abokin sata mai suna Dogon Yaro. Ƙarshenta, a wani dare na sata, ya kashe mahaifinsa bai san shi ba ne. Da ya gane tushen abin ya fita neman Abubakar, amma ajali ya riga shi.

Kafin a gane abin da dukiya ta yi wa waɗannan mutane, sai an san tsanin da suke tsaye a kai. Tun asali jama'ar Hausa ta kasu gida biyu, masu sarauta da talakawa, a ƙarƙashinsu kuma akwai bayi. A tsakanin talakawa sana'a ce ke jera mutane: malamai da manyan fatake a sama, manoma da masaƙa da maƙera a tsakiya, mahauta da maroƙa a ƙasa. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya bayyana wannan tsari a wata maƙala ta 1959, ya kuma nuna cewa ana bambanta sana'ar da mutum ya gada da wadda ya shiga da rana tsaka, ta gado ta fi daraja. Attajiri a wannan tsani talaka ne, komai yawan abin hannunsa, domin ba shi da rawani. Sai dai shekarun da suka gabaci rubuta littafin sun ƙara masa ƙarfin da bai saba samu ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, kuɗin Bature ya kori wuri daga kasuwa, haraji ya koma na tsabar kuɗi. A wannan zamani ne Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro, ya zama babban dillalin gyaɗa, ya shahara a Afirka ta Yamma kafin rasuwarsa a 1955. Mai sulalla a hannu ya zama wanda kowa ke buƙata, har da mai rawanin. Malam Shehu ɗan wannan yanayi ne.

Abin da ya sa littafin ya yi ƙarko shi ne marubutan ba su mai da attajirin dodo ba. Damuwarsa ta gaske ce, kuma kowane Bahaushe ya san nauyinta. Mutum ya tara dukiya, shekaru suna tafiya, babu ɗan da zai gaje shi, babu mai yi masa addu'a bayan ransa. Ga mai kuɗi, rashin haihuwa ciwo ne ninki biyu, domin duk abin da ya tara yana ganin inda zai watse tun yana raye. Neman auren da ya yi kuma bai saɓa wa shari'a ba. Laifinsa yana wani wuri dabam: bai ɗauki Abubakar a matsayin mutumin da ke da hakki ba. Wanda ya taɓa zama a zauren attajiri da hantsi ya san inda wannan hali ke fitowa. Maigida na kan buzu ko darduma, barori na bakin ƙofa, takalma jere a waje. Wannan ya durƙusa ya ce matarsa ta haihu, a miƙa masa kuɗin rago. Wancan ya ce jarinsa ya karye, a ba shi kaya bashi. Maroƙi ya tsaya ya wasa shi, a jefa masa nasa. Daga safe zuwa azahar babu wanda ya shigo da matsalar da hannu a aljihu bai warware ba, babu kuma wanda ya ce masa a'a. Mutumin da ya shekara ashirin a irin wannan zaure yakan manta akwai abin da ba na sayarwa ba. Ko ya ga saurayi yana kuka a kan budurwa, zai ɗauka kukan ma yana da farashi. Dukiya ba ta sa Malam Shehu mugunta ba, ta dai rage masa gani, kuma ɓarnar da hakan ta jawo ba ta gaza ta mugunta ba.

Iyayen Zainab su ne aka fi saurin zargi, alhali hujjarsu ta fi ta kowa sauƙin fahimta. Aure a ƙasar Hausa ba sadaki kaɗai ba ne. Sadaki a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, abin da talaka ke iya kaiwa. Nauyin yana cikin abin da al'ada ta kewaye shi da shi: toshi, kuɗin gaisuwar iyaye, ƙwaryar goro, kayan lefe, hidimar salla da ta suna da ta rasuwa a gidan surukai. A nan ne mai hali ke tsere wa maras shi, domin ba ya jiran ranar ɗaurin aure kafin a ji amfaninsa. Turmin atamfa ya shiga ɗakin uwa, riga ta je wa uba, goggo da inna kowa ta sami rabonta, sai a wayi gari duk bakin da zai yi magana a gidan ya riga ya ci. Ga kuma tsoron yunwa. Mutanen da suka fara karanta littafin sun ga yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, yammacin Nijar kuma ya sake shiga wata a 1931. Ga magidancin da ya taɓa ganin rumbunsa wayam tun kafin damina, suruki attajiri rumbun tsimi ne. Wannan ba ya wanke su, domin da rayuwar ƴarsu suka sayi kwanciyar hankalin, amma yana nuna cewa talauci ma yana tanƙwara hali kamar yadda wadata ke yi.

Zainab ita ce littafin ya fi yi wa rowa. A kanta aka yi rigimar, ita ta haifi yaron, ita ta rasa miji ta hannun ɗanta, amma mai karatu bai cika jin abin da ke cikin ranta ba. Wannan rauni ne a rubutun, ko da yake ya yi daidai da matsayin da zamanin ya ba ta. Budurwa ba ta da dukiyar kanta, darajarta kuma tana bin ta gidan da ta shiga. Juyawarta daga Abubakar zuwa Malam Shehu ana iya karanta ta a matsayin kwaɗayi, ana iya karanta ta a matsayin gajiyar yarinyar da kowa a gidansu ya koma gefe guda. Ko wanne ne, hawa tsanin da ta yi ta hanyar aure bai ba ta iko a kan komai ba.

Abubakar ne ainihin inda marubutan suka nuna gwaninta. Ya shigo labarin a matsayin wanda aka zalunta, mai karatu na tare da shi. Amma ina zai kai ƙara? Alƙali ba shi da abin cewa, domin waliyyi ya bayar, an biya sadaki, shaidu sun shaida. Fada ba za ta saɓa wa attajirin gari saboda saurayin da ba shi da kowa ba. Dattawan unguwa abin da za su ce shi ne ya yi haƙuri, matar mutum kabarinsa. Duk ƙofofin da jama'a ta tanada don jin koke sun rufe, saura ƙofar boka. Asiri a cikin wannan littafi makamin wanda ba shi da gata ne, kuma tsawon tafiyar da Abubakar ya yi nemansa, da yadda wahala ta ci jikinsa, awo ne na zurfin wulaƙancin da ya ji. Ƙuruciyar da zai yi noma ko fatauci da ita, ya yi wani auren, ya kafa gidansa, duk ta ƙare a hanya.

Zaɓin da ya yi na inda zai sara shi ne ya fi komai bayyana yadda ya fahimci matsayin abokin gabarsa. Bai nemi ran Malam Shehu ba, bai nemi ƙona masa kaya ba. Ya nufi magajin, ya kuma zaɓar masa sata daga cikin dukan miyagun halaye. Kasuwancin Hausawa na nesa, irin fataucin goro zuwa Gwanja ko na fata da tufafi zuwa hamada, a kan amana ya ginu. Ana ba mutum kaya bashi a kan sunansa, ana ajiye dukiya a gidansa a kan sunansa, baƙon fatake na sauka wurinsa saboda an san ba a taɓa rasa allura a gidan ba. Jarin attajiri na gaskiya sunansa ne. Ranar da aka fara cewa ɗan gidan wane ɓarawo ne, jarin ya fara zuba, ko da kuɗin na nan cikin akwati. Abin da Malam Shehu ya auri Zainab dominsa, wato ɗan da zai riƙe sunan gida, shi aka juya ya zama mai rusa sunan. Fansar ta yi daidai da laifin ƙwarai, kuma a nan muninta yake, domin wanda ya biya bashin jariri ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Daga wannan lokaci Abubakar ya daina zama abin tausayi. Shi ma ya yi abin da aka yi masa: ya ɗauki wani ɗan Adam ya mai da shi kayan aikin biyan buƙatarsa.

Kyauta ɓarawo ne da ba yunwa ta sa shi sata ba, kuma wannan ya ba halinsa fuska biyu. A bisa labarin, asiri ne ya kama shi. Amma mai karatun da ya san gidajen masu hali zai ga wata hanya ta biyu a ƙarƙashin ta farko: ɗa ɗaya tilo da aka samu bayan an fid da rai, wanda ba a hana shi komai, wanda in ya yi ɓarna uba ke biya a rufe maganar. Irin wannan yaro ba ya buƙatar boka kafin ya lalace. Littafin bai tilasta a zaɓi ɗaya ba. Tafiyarsa da Dogon Yaro kuma ta buɗe wani rukuni na jama'a da tsohon tsani bai tanadar wa gurbi ba, wato samarin da sababbin hanyoyi da manyan garuruwa suka raba da gida, ba gona, ba sana'ar gado, ba mai tsawata musu. Ɗan attajiri ya faɗo daga saman tsanin zuwa ƙasa da inda Abubakar ya taɓa tsayawa.

In aka ajiye Shaihu Umar a gefensa, sai bambancin zamani ya fito. Labarin Tafawa Ɓalewa yana faruwa ne kafin zuwan Turawa, lokacin da mutum da kansa dukiya ne. Makau, mijin uwar Umar, bafade ne a Kagara, hassadar ƴan'uwansa fadawa a kan rabon bayi ta sa aka kore shi a rana ɗaya. Uwar Umar ɗiya ce, amma neman ɗanta ya jefa ta cikin bauta har ƙetaren hamada. Umar kansa ya tsira ne domin ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗa ya ba shi karatu. A can, matsayi na hannun sarki da mai hari, tsanin hawa kuma ilimi ne. A Jiki Magayi babu hari, babu kasuwar bayi, sarki ma ba shi ne ke juya labarin ba. Kuɗi ya karɓi aikin. Littattafan biyu sun fito ne gab da 1936, shekarar da aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya, ɗaya yana duban abin da ke wucewa, ɗaya abin da ke shigowa.

Mai karatu a Kore Mairuwa, ko Tibiri, ko Dogon Dutsi, yana da nasa ma'aunin da zai gwada labarin da shi, domin ƙasar Arewa ta Dallol Mawri ta san wani tsani dabam. Kamar yadda Marc-Henri Piault ya bayyana a littafinsa na tarihin Mawri na 1970, iko a nan ya rabu tsakanin Gubawa ƴan ƙasa, masu riƙe da al'amuran ƙasa da tsafinta, irin su Sarauniya ta Lugu da Baura na Bagaji, da kuma Arawa masu sarauta, waɗanda tarihin baka ke danganta asalinsu da Barno, da Sarkin Arewa a Matankari. A wannan tsari ba a sayen matsayi, gadonsa ake yi. Littafin da ya fi shahara a kan wannan ƙasa, Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito da Faransanci a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986, a kan wannan ma'auni ya tsaya. Girman Sarauniya ba daga abin da ta tara yake ba, daga ƙasar da take tsaro ne. Masu kwaɗayi a labarin su ne rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine da ta afka wa Lugu a watan Afrilun 1899, wadda ke riƙe sojojinta da ganima da rabon kamammu.

Amma Arewa ta yau ta fi kama da Galma. Kore Mairuwa tana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi, iyakar Najeriya kuma ba nisa. Hanya da iyaka sun haifar da alhazai ƴan kasuwa waɗanda gidajensu da motocinsu suka fi na masu tsohuwar sarauta. Samari kuwa, da an gama girbin hatsi, sai a kama hanyar cin rani zuwa Najeriya ko biranen bakin teku, da yawansu don tara kuɗin aure. Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta rubuta a 2005 a kan yadda tsadar aure ke tsare samari a matsayin yara, ba su da mata, ba su da bakin magana a cikin manya. Saurayin da ya dawo daga cin rani da akwatin da bai cika ba, ya tarar wani mai hali ya riga ya kai goro, ba ya buƙatar a fassara masa Abubakar.

Jigon ba na Hausawa kaɗai ba ne. Ƴan lakwal a Nijar sun san Sous l'orage na Seydou Badian ɗan Mali, na 1957, inda uban Kany, Benfa, ya so ya ba da ita ga attajiri Famagan alhali Samou take so. A can an sami masu shiga tsakani, aka sasanta kafin a yi ɓarna, abin da Galma ta rasa. Wanda ya fi kusa da Jiki Magayi a tsari shi ne Wuthering Heights na Emily Brontë, na Ingila a 1847: Heathcliff maras asali ya rasa Catherine ga Edgar Linton mai gida da dukiya, ya ɓace na wasu shekaru, ya dawo ya huce a kan ƴaƴan waɗanda suka wulaƙanta shi. Bambancin shi ne Heathcliff ya dawo da kuɗi ya yaƙe su da makaminsu, Abubakar kuwa bai ga alamar zai taɓa kamo Malam Shehu ta wannan hanya ba.

Akwai tambayar da littafin ya bari a buɗe. Ya hukunta mai neman fansa, ya hukunta attajirin, amma al'adar da ta ba mai kuɗi damar shiga tsakanin masoya ba a taɓa ta ba, wadda aka aurar kuma ba a tambaye ta ba. Marubutan baya ne suka ɗauki wannan. Hafsat Abdulwaheed, a So Aljannar Duniya na 1980, ta ba budurwa bakin kare zaɓinta. Ado Ahmad Gidan Dabino, a In Da So Da Ƙauna na farkon shekarun 1990, ya juya lissafin: Sumayya ƴar masu kuɗi ce, Muhammad talaka, kuma ita ce ta ƙi attajirin da gida ke so. Balaraba Ramat Yakubu kuwa, a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta shiga cikin gidan ɗan kasuwa ta duba shi da idon uwargida. Alhaji Abdu ya ƙaro aure ya kori Rabi da ƴaƴanta, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe su, har ranar da gobarar kasuwa ta cinye dukiyarsa aka koma neman ta dawo.